Tsakanin ChatGPT da binciken Google: Wa ya fi shan wutar lantarki, kuma wa zai biya?

Tun bayan da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da manhajar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, akwai wata magana da ta karaɗe duniya, har ta zama tamkar karatun allo a bakin 'yan jarida da masu sharhi, wato wai tambaya ɗaya da mutum ya yi wa ChatGPT tana shan wutar lantarki ninki goma na bincike ɗaya a Google. Hukumar Makamashi ta Duniya mai hedkwata a birnin Faris ta sanya wannan lissafi a rahotonta na farkon shekarar 2024, bankin Goldman Sachs ya maimaita shi, daga nan kuma sai kowa ya ɗauka ya ci gaba da yaɗawa. Mu da muke zaune a yankin da samun wuta ta yini guda cur abin ba da labari ne, daga Kano zuwa Maraɗi, daga Yamai zuwa Njamena, ya kamata mu tsaya mu duba wannan lissafi da idon basira, domin idan aka bi salsalarsa za a tarar ƙafafunsa biyu ba a kan ƙasa ɗaya suke tsaye ba. Kuma yawan cece-kuce a kansa ya rufe wata magana da ta fi shi girma.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita ma'auni. Yunit ɗaya na wutar da mai karatu yake saye ya loda a mitarsa daidai yake da abin da masana ke kira wat-awa 1,000. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10, idan aka bar shi a kunne awa guda, ya ci wat-awa 10 ke nan. Da wannan ma'auni za mu auna komai.

Adadin farko, na Google, ya samo asali ne tun watan Janairun 2009. A lokacin jaridar Sunday Times ta Ingila ta buga labarin cewa bincike biyu a Google yana fitar da hayaƙi daidai da tafasa butar shayi. Kamfanin ya fusata, inda wani babban jami'insa mai suna Urs Hölzle ya fito ya ce bincike ɗaya ba ya wuce wat-awa 0.3. Ma'ana, yunit ɗaya zai isa a yi bincike sama da 3,300. Wannan adadi na shekarar 2009 shi ne ake ta jingina da shi, alhali kwamfutocin da suka yi wancan aiki sun daɗe da zama kayan gwangwan, kuma shi kansa binciken ya sauya kama sau da dama.

Adadi na biyu kuwa, na ChatGPT, ya fito ne daga wani mai bincike ɗan ƙasar Holan, Alex de Vries, a wata maƙala da mujallar kimiyya ta Joule ta buga a watan Oktoban 2023. Mutumin bai shiga kamfanin OpenAI ya auna da mita ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki ƙiyasin da wasu masu nazarin kasuwa suka yi na yawan kwamfutocin da manhajar ke amfani da su da wutar da suke ci a rana, ya raba da yawan tambayoyin da ake zaton ana yi, sai ya samu kimanin wat-awa 2.9. Aka ɗauki 2.9 aka raba da 0.3, sai ga ninki goma. To ka ji asalin maganar. An gwama awon da kamfani ya yi wa kansa shekara 14 kafin nan da ƙiyasin wani na waje, aka haifi lissafin da duniya ta riƙe kamar an saukar da shi. Ba laifin de Vries ba ne, domin ya faɗi cewa ƙiyasi yake yi, masu ɗauka ne suka yar da wannan gargaɗi a hanya.

Duk da haka akwai dalilin da ya sa maganar ta shiga kunne, domin aikin biyu ba iri ɗaya ba ne. Binciken intanet kamar shagon kayan da aka riga aka ɗinka ne: kamfani ya riga ya zagaya shafuka ya jera su a rumbunsa, kai kuma da ka zo sai a nuna maka inda abin yake. Ita kuwa manhajar hira tela ce, sai ka zo za ta yanka ta ɗinka. Kowace gutsuren kalma da za ta rubuta maka sai an bi da ita ta cikin lissafi mai ɗauke da biliyoyin lambobi, a kan wasu ƙwaƙwalen kwamfuta masu tsada da zafi, irin waɗanda kamfanin Nvidia ke ƙerawa. Saboda haka iya tsawon amsa iya wutar da aka sha.

A shekarar 2025 ne sababbin alƙaluma suka fara fitowa. A watan Fabrairu wata cibiyar bincike mai suna Epoch AI ta sake lissafin da sababbin kwamfutoci da kuma tsawon amsar da aka saba bayarwa, ta ce tambaya ta yau da kullum ba ta wuce wat-awa 0.3 ba, wato daidai da tsohon adadin Google. A watan Yuni shugaban OpenAI, Sam Altman, ya rubuta cewa matsakaiciyar tambaya tana cin wat-awa 0.34. A watan Agusta kuma Google ya fitar da nasa rahoton a kan manhajarsa ta Gemini, inda ya ce tambayar rubutu ta tsakiya tana cin wat-awa 0.24, da ruwan sanyaya inji kimanin ɗigo biyar, kuma wutar ta ragu ninki 33 cikin shekara guda, daga Mayun 2024 zuwa Mayun 2025. Idan muka mayar da su ma'auninmu, yunit ɗaya zai amsa tambaya tsakanin 3,000 zuwa 4,000, kuma kowace tambaya ba ta kai kunna ƙwan fitilar nan minti uku ba. Ɗalibin da ya yi tambaya ashirin a rana, wutar da ya jawo wa kamfanin ba ta kai ta cajin wayarsa sau ɗaya ba.

Sai dai fa kada mai karatu ya yi saurin tafi. Biyu daga cikin alƙaluman nan uku daga bakin masu haja suka fito, kuma mai haja ba ya kushe kayansa. Altman ya jefo nasa adadin ne a tsakiyar wani dogon rubutu, ba tare da bayanin yadda aka auna ba. Google ya fi shi ƙoƙari, don ya haɗa har da wutar injinan da ke zaman jiran aiki da ta na'urorin sanyaya ɗaki, amma abin da ya bayar shi ne tambayar da ke tsakiyar layi idan an jera su daga ƙarama zuwa babba, wanda hakan ke ɓoye nauyin manyan tambayoyin da ke can ƙarshen layin. Bai haɗa da hoto da bidiyo ba, bai kuma haɗa da wutar da aka ƙona wajen horar da manhajar tun farko ba. Su kansu mutanen Epoch AI sun yi gargaɗin cewa idan aka loda wa manhajar rubutu mai girman littafi aka ce ta karanta, wutar za ta iya haura ninki ɗari. Mujallar MIT Technology Review ta ruwaito a watan Mayun 2025 cewa haɗa bidiyo na daƙiƙa biyar da wata manhaja da aka gwada ya ci abin da ya kusa yunit guda. Ga kuma sababbin manhajojin da ake cewa suna tunani kafin su amsa, waɗanda kan rubuta dubban kalmomi a ɓoye kafin su nuna maka layi biyar. Kalmar "tambaya ɗaya" ke nan ta zama kamar a ce "tafiya ɗaya", alhali wani kasuwar unguwa ya je, wani kuma Makka.

Akwai ma wani abin da ya shafe mu kai tsaye a nan. Waɗannan manhajoji ba kalma suke ƙirgawa ba, gutsattsarin kalma suke ƙirgawa, kuma an tsara yankan ne bisa rubutun da ya fi yawa a intanet, wato Turanci. Kalmar Turanci kan tafi a gutsure ɗaya, ta Hausa kuwa sai an daddatsa ta biyu ko uku, musamman mai ƙugiya. Ke nan amsa ɗaya da Hausa ta fi takwararta ta Turanci cin wuta, kuma ga mai biyan kuɗi bisa yawan gutsattsarin, ta fi tsada.

Bugu da ƙari, ita kanta gwamar ta fara rasa ma'ana. Tun watan Mayun 2024 Google ya fara sanya amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, ko ka nema ko ba ka nema ba. Kamfanin da ya ce ana yi masa bincike sama da tiriliyan 5 a shekara ya shigo da tela cikin shagon kayan da aka ɗinka. Wanda ya ƙaurace wa ChatGPT ya koma Google don tausayin muhalli, sau da yawa abin da ya gudar wa shi ya tarar a can.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. A watan Yulin 2025 OpenAI ya ce ana aika wa ChatGPT tambaya biliyan 2.5 a kowace rana. Idan muka yarda da adadin Altman muka ninka, za mu samu yunit 850,000 a rana, wato aikin tashar megawat 35 da ke gudana dare da rana. Wannan bai kai kashi 5 cikin 100 na ƙarfin da aka gina madatsar Kainji da shi ba, wato megawat 760. Idan har abin bai wuce haka ba, me ya sa a watan Satumban 2024 kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 don a farfaɗo da injin nukiliya na Three Mile Island a jihar Pensilbaniya, wanda aka rufe a 2019, ya sayi dukkan megawat 835 da zai bayar? Kamfani ɗaya, inji ɗaya, ya fi Kainji baki ɗaya. Me ya sa a watan Janairun 2025 OpenAI da Oracle da SoftBank suka tsaya a fadar White House suka yi shelar kashe dala biliyan 500 cikin shekara huɗu a kan rumbunan kwamfuta?

Amsar ita ce hirar da ni da kai muke yi da manhaja ƙaramin yanki ce ta abin da ake gina waɗannan rumbuna dominsa. Akwai horar da sababbin manhajoji, wanda kan ɗauki dubban ƙwaƙwalen kwamfuta suna aiki wata da watanni. Akwai hoto da bidiyo, da rubuta manhajojin kwamfuta, da ayyukan bankuna da kamfanoni da rundunonin soja. Sannan akwai caca, domin kowane kamfani yana gini ne bisa zaton buƙatar da za ta zo, yana tsoron kada abokin hamayya ya riga shi. Kuma sauƙin da ake taƙama da shi ba ya rage jimillar. Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, William Stanley Jevons, ya lura tun 1865 cewa da injinan tururi suka rage cin gawayi, sai cin gawayin ƙasar ya ƙaru, don kowa ya samu halin sayen inji. Shugaban Microsoft, Satya Nadella, da kansa ya ambaci wannan ka'ida a watan Janairun 2025, lokacin da kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya fito da manhaja mai arha, kuma da murna ya ambace ta. Shi ya sa Google da ke cewa kowace tambaya ta ragu ninki 33, shi ne kuma ya ba da rahoton cewa wutar rumbunansa ta ƙaru da kashi 27 cikin 100 a shekarar 2024. Duka biyun gaskiya ne.

A rahoton da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2025, ta ce rumbunan kwamfuta na duniya sun sha yunit biliyan 415 a shekarar 2024, kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya, kuma ta yi hasashen za su kai biliyan 945 a 2030, wanda ya ɗara abin da ƙasar Japan ke sha. Adalci ne mu ce ba dukkan wannan ba ne na ƙirƙirarriyar basira, don a nan ne ake ajiye Facebook da YouTube da wasiƙun imel da asusun bankuna, kuma hukumar ta ce na'urorin sanyaya ɗaki da motocin lantarki za su fi rumbunan ƙara wa duniya buƙatar wuta. Amma mu auna da namu. Layin wutar Nijeriya, mai mutum sama da miliyan 200, ya shafe shekaru yana kai-komo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, wanda a shekara bai fi yunit biliyan 40 da wani abu ba. Rumbunan sun ninka shi kusan sau goma. Rahoton ya kuma ce idan aka raba wutar rumbunan Amurka ga kowane Ba'amurke, zai tashi da yunit 540 a 2024, na ɗan Afirka kuwa bai kai yunit ɗaya ba. Matsakaicin ɗan Nijeriya, a fitila da fanka da firji da komai nasa, bai sha yunit 200 a shekara.

Kashi 1.5 ƙarami ne a takarda, sai dai ba a shimfiɗe yake a duniya ba, a dunƙule yake a wurare kaɗan, kuma a nan ne ake jin zafinsa. A ƙasar Ailan rumbunan sun tashi daga kashi 5 cikin 100 na wutar ƙasar a 2015 zuwa kashi 21 a 2023, suka zarce dukkan gidajen birane, har hukumomi suka taƙaita haɗa sababbi a kewayen Dublin. A gabashin Amurka, a kasuwar wutar da ta haɗa da jihar Birjiniya, inda rumbunan suka fi taruwa, kuɗin da ake biyan tashoshi don su tanadi wuta ya ninka kusan sau tara a gwanjon watan Yulin 2024, kuma masu sa ido sun ɗora babban kaso na laifin a kan rumbunan. Wannan ƙari a takardar kuɗin wutar talaka yake ƙarewa. A birnin Memfis kuma, kamfanin xAI na Elon Musk ya girke injinan gas don ciyar da rumbunsa a 2024, kusa da unguwannin da galibi baƙar fata ne, lamarin da ya jawo ƙorafin hayaƙi daga mazauna da ƙungiyoyin kare haƙƙi. Mu da muka san warin janareton maƙwabci ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda rumbunan suna can, wutarsu ce, kuɗinsu ne. Ruwanmu yana wurare biyu. Na farko kayan aiki. Manyan kamfanonin da ke ƙera injinan gas na tashoshin wuta a duniya ba su da yawa, GE Vernova da Siemens Energy da Mitsubishi su ne kan gaba, kuma zuwa 2025 odar da ke gabansu ta cika har mai saye sai ya jira shekaru. Haka abin yake ga manyan taransifoma. Nijeriya da gas take samar da mafi yawan wutarta, kuma tun 2019 ta sa hannu da Siemens kan gyaran layukanta. Duk ƙasar yankin nan da ta tashi sayen inji ko taransifoma, layi ɗaya za ta bi da kamfanonin da ribarsu ta shekara ta fi kasafin kuɗinta, kuma mun san wanda ake fara sallama a irin wannan layi.

Na biyu yuraniyom. Bayan Microsoft, Google ya ƙulla da kamfanin Kairos Power a watan Oktoban 2024 don ƙananan injinan nukiliya, Amazon ya sayi rumbu a gefen tashar nukiliya ta Susquehanna, sannan a watan Maris na 2025 Amazon da Google da Meta suka sa hannu kan goyon bayan ninka wutar nukiliya ta duniya sau uku nan da 2050. Ba za mu ce su ne suka ɗaga farashin yuraniyom ba, don ya riga ya haura dala 100 kowane fam a watan Janairun 2024 saboda wasu dalilai, ciki har da ƙarancin haƙo a Kazakistan da fargabar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar. Amma sun shigo kasuwar a matsayin sababbin masu buƙata masu aljihu mai zurfi. Nijar kuwa ita ce ta ba Tarayyar Turai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da ta saya a 2022. Gwamnatin mulkin soja ta ƙwace lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa a watan Yunin 2024, ta kuma mayar da kamfanin Somaïr na Arlit mallakin ƙasa a watan Yunin 2025, rikicin da ya kai ga kotunan sasanci na ƙasa da ƙasa. Ko wane ne ya yi nasara a shari'ar, darajar abin da ake rigima a kai tana da alaƙa da yawan injinan nukiliyar da za a kunna, kuma masu rumbunan kwamfuta suna cikin masu yanke wannan hukunci.

Abin takaicin shi ne ƙasar da ke da wannan ma'adini, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar na al'ummarta ke da wutar lantarki. Kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ya raba a 2022 daga Nijeriya ya sayo ta, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Idan ba a manta ba, da Nijeriya ta katse layin a watan Agustan 2023 bisa takunkumin ECOWAS, asibitoci da masu sana'ar ƙanƙara da teloli da masu walda sun ɗanɗana kuɗarsu har zuwa watan Maris na 2024 da aka mayar. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta rage zafi amma ba ta cike gurbin ba.

A ganinmu, malami ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin jinya da ke amfani da manhajar hira a wayarsa ba shi da dalilin jin kunya a kan wat-awa 0.3, kuma masu wa'azin a koma Google suna yaƙi ne da adadin da ya tsufa. Inda ya kamata a sa ido shi ne ranar da za a zo mana da tayin gina rumbu. An riga an fara: Legas tana da rumbunan Rack Centre da na MainOne, wanda kamfanin Equinix na Amurka ya saya a 2022, MTN ya buɗe nasa a 2025, kuma a Kenya Microsoft da kamfanin G42 na Daular Larabawa sun yi shelar zuba dala biliyan 1 a watan Mayun 2024, a kan wutar tururin ƙarƙashin ƙasa ta Olkariya. Ajiye bayananmu a gida abu ne mai kyau, ba ma musu. Amma rumbu ba ya yarda a ɗauke masa wuta ko na minti ɗaya, don haka ko dai ya zo da tasharsa, ko a ba shi layi na musamman a rage wa unguwanni. Majalisun dokokinmu da hukumomin kula da farashin wuta su ne za su tambayi mai tayin megawat nawa yake so, daga ina, da ruwan wace rijiya zai sanyaya injinansa, kuma nawa zai bar wa gari. Hukumar Makamashi ta ce rumbu ɗaya na ƙirƙirarriyar basira yana shan wutar gida 100,000, manyan da ake ginawa kuwa ninki 20 na haka. Madatsar Kandaji da Nijar ta aza harsashinta tun 2008, wadda har 2025 ba ta fara ba da wuta ba, megawat 130 aka tsara za ta samar.